Kwanuka Bakwai da Aka Mayar a Rufe

'Ya'yana, abin da kuka ji a kaina ba haka yake ba. Ranar da na ajiye aiki aka yi mini taro, mutane suka yi ta miƙewa suna cewa Hajiya Bilkisu uwar marasa uwa, wai tun tana budurwa ita kaɗai ta tsaya wa gidan yaran nan na unguwarmu a Funtua lokacin da kowa ya juya masa baya. Kuna zaune a sahun gaba kuna tafi, ina kallonku. Ban san wanda ya ƙirƙiro wannan labari ba, amma na san ban taɓa ƙaryata shi ba, kuma na gaji. Ban tsaya wa gidan ba. Ni ce na rubuta takardar da ta rufe shi, da hannun nan da nake rubuta muku wannan.

Lokacin ba a yanke jihar Katsina ba, duk wata magana ta hukuma sai ta je Kaduna. Na gama sakandare ina jiran sakamako, ina ji da kaina ƙwarai, don a layinmu babu macen da ta kai inda na kai. Bakina kuwa ba shi da linzami. Abin da na gani shi nake faɗa, ina ɗauka wannan shi ne gaskiya. Layin namu gidaje bakwai ne, duk manoma da masu harkar auduga, sai wani tsohon sito a ƙarshe wanda katangarsa ɗaya da tamu. Shi ne ofishin jin daɗin jama'a ya gyara, ya fitar da ɗakuna uku da madafa, ya zuba 'yan mata tara. Wasu an tsince su a tasha sun gudo daga gida, wasu sun yi sata, wasu kuma alƙali ne ya turo su don sun yi ƙanƙanta da gidan yari. An kafa allo a ƙofa da dogon suna, amma ban taɓa jin wani ya faɗe shi ba. Gidan ɓarayi, haka kowa ke cewa, har yaran da ba su iya tsarki ba.

Tun daga ranar, babu abin da ya ƙara ɓata a layinmu da kansa. Kaza ta yi nisan kiwo, su ne. Zani ya faɗo daga igiya iska ta ja shi, su ne. Mata suka yi shawara a bakin rijiyar layi cewa 'yan gidan ba za su ɗebi ruwa ba sai kowa ya gama, kuma da gugansu daban. Abin da ya fi ba ni haushi yanzu shi ne babu wanda ya ɗauki kansa mugu. Babana, kakanku Alhaji Mamman, mutum ne mai ciyar da baƙo, amma in an taɓo maganar sai ya gyara zama ya ce:

"Ni fa ban ce kada a gyara su ba. Aikin lada ne. A gyara su, amma a wani wuri. Daji ya ƙare ne?"

Inna kuwa, kakarku, sai ta ce, "Allah sarki, 'ya'yan wasu ne," sannan ta tashi ta kwashe shanyarta.

Mai kula da gidan ita ce Madam Kamfot. Babanta mutumin kudu ne, Kirista, yana da rumfar kwanuka a kasuwa, amma ita a Funtua aka haife ta, Hausa a bakinta ta fi tawa daɗi. Doguwa ce mai yawan dariya, tana gaida kowa ko an amsa ko ba a amsa ba. In ta wuce majalisar maza sai ta ɗan rusuna ta ce, "Barkanku da hutawa, maƙwabta," ta ja kalmar maƙwabtan nan da gangan. Mai unguwa, Malam Ɗanjuma, wanda bayan gidansa ke kallon bayan namu, sai ya dubi ƙasa kamar ya ga kunama.

A cikin yaran akwai Delu. Ba za ta wuce sha uku ba, siririya, baƙa, ga wani tabo a gefen gira. Daga wani ƙauye take kusa da Tsiga. Ita kowa ya fi tsoro, don an ce wuta ta cinna wa audugar kawunta, kuma a ƙasarmu in ka ce wuta da auduga a numfashi ɗaya, ka gama tayar da hankalin kowa. Wata rana da azahar na tarar da ita a rijiya ita kaɗai, tana jan guga. Ban yi mata sallama ba.

"Ke ce kika ƙone audugar?"

Ta dube ni, ba ta saki igiyar ba. "Ni ce na cire ta, Yaya. Gona guda. Ni kaɗai."

"Wannan ne ya ba ki izinin ƙonewa?"

"Da na gama Kawu ya ce na ɓoye wata. Ya ɗaure ni a jikin turmi." Ta juye ruwan a bokiti. "Ke ce mai Turanci? Muna jin ki ta katanga kina yi wa awaki faɗa da shi."

Na yi dariya ban shirya ba. Daga nan muka riƙa 'yar hira in mun haɗu. Ba ƙawance ba ne, kada in ƙara wa kaina daraja. Ina jin daɗin yadda take kallona ne kawai. Ita ta faɗa mini alƙali ya ce ta yi shekara ɗaya a gidan, in ta yi lafiya a miƙa ta ga kakarta. Saura wata uku. Ta ce alƙalin ya faɗa a gabanta cewa ba don akwai gidan nan ba, ba shi da inda zai kai ta sai gidan yari, cikin manyan mata. Ku riƙe wannan, don ni ma na riƙe shi, ban manta da shi ba ko na minti ɗaya a cikin abin da ya biyo baya.

Babbar Sallah ta zo a shekarar ana tsakiyar cirar auduga. Kowane gida akwai tulin fari a rumfa ana jiran a kai wurin awo. Ku da kuka tashi a gidaje masu get ba ku san nauyin tuwon Sallah ba. A lokacin, ranar Sallah kowane gida na aika wa kowane gida kwano. Ko kun shekara ba ku magana, kwanon Sallah ba a mayar da shi da tuwonsa. A karɓa, a juye, a wanke, a sa wani abu a ciki, ko nama ne ko goro, a ba ɗan aike tukuici. Wanda ya ci tuwonka ya amsa cewa kai maƙwabcinsa ne. Madam Kamfot ta san haka sarai, a cikinsa ta girma, kuma a kansa ta dogara. Ta samo rago daga ofis, ta kira mahauci Musulmi ya yanka a ƙofar gida inda kowa zai gani, don kada a sami abin cewa. Ta ɗebo sababbin kwanuka bakwai daga rumfar babanta, masu furen ja a murfi. Yaran suka yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Tun da hantsi ƙamshin ke tsallako katangarmu.

Delu ce ta kawo namu, ta sha kitso da sabuwar atamfa, ta durƙusa a gaban Inna. Inna ta karɓa, ta sa mata albarka, ta tafi. Sai Inna ta ɗaga murfin, ta lakaci miyar da yatsa.

"Kai! Wadda ta yi wannan ta iya. Har da wake ta sa."

Baba ya shigo daidai lokacin. Ya dubi kwanon.

"Rufe. Bilki, mayar musu."

"Alhaji, kwanon Sallah ne fa," in ji Inna.

"Na san ko na mene ne. Mun yi magana a hanyar idi, duk layin. In muka ci, gobe in mun je ofis da kuka za su ce ai maƙwabtanku ne, kun ci tuwonsu. Wayo ne matar nan take yi mana."

Gaskiyarsa, wayo ne. Amma wane irin wayo? Na ɗauki kwanon ina ƙunƙuni, ba don tausayi ba, don ina sauri ne, ƙawayena na jirana mu tafi yawon Sallah. Na shiga gidan, karo na farko ke nan da na taka shi. A tsakar gida, kan tabarma, ga kwanuka shida a jere, murafensu a rufe. Yaran na tsaye jikin bango cikin kwalliyarsu. Madam Kamfot na zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ba ta dariya. Na ajiye na bakwai a ƙarshen layi. Delu ta matso, ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, gishiri ne ya yi yawa? Ni na sa."

Da na ce mata mun ƙoshi, da na ce Baba ba ya cin taushe, da ko me na ce. Amma ni ce mai faɗin gaskiya. Na ce:

"Ba gishiri ba ne. Hannunku ne ba a so."

Ba ta yi kuka ba. Ta dubi tafin hannunta kamar za ta ga wani abu a ciki, ta koma ta zauna kusa da kwanukan. Madam ta ɗago ta ce, "Mun gode, Bilkisu. A gaida Inna." Na fita.

Da na dawo gida Inna ta ce ba inda za ni sai na kwashe tokar murhu. Tun safe ake girki, toka ta cika. Ka'ida ita ce a yayyafa mata ruwa, a kai ta juji can ƙarshen gari. Ni kuwa na sha lalle da sabon takalmi. Ban yayyafa ba, ban je juji ba. Na leƙa lungun bayan gida na watsa ta a gindin zanan Mai unguwa, na kakkaɓe hannu na tafi. Ba mu kai bakin kasuwa ba muka ji ihu. Kafin la'asar rumfar bayan gidan Malam Ɗanjuma ta cinye, da audugarsa ta shekara guda, da rumbu ɗaya na dawa. Allah ya tsare babu rai. Ban ga tashin wutar da idona ba, kuma na yi shekaru ina ɓuya a bayan wannan. Amma na san inda na zuba tokar, na kuma san daga inda aka ce wutar ta faro.

Kafin a gama kashe ta, sunan Delu ya zaga layin. Babu wanda ya ce ya gan ta. Ba a ma bukaci haka ba. An mayar mata da tuwo, ta ji haushi, kuma ta taɓa yi. Madam Kamfot ta fito ba ɗankwali, ta tsaya a gaban maza tana rantsuwa cewa yarinyar ba ta motsa daga tabarmar nan ba tun azahar. Mai unguwa, fuskarsa duk baƙin hayaƙi, ya ce:

"Madam, ke aikinki kike karewa. Ni kuwa dubi nawa."

Da yamma na sami Inna a madafa na faɗa mata. Ta saki ludayin da ke hannunta, ta kama kunnena ta murɗe kamar ina 'yar shekara biyar.

"Kin faɗa wa wani?"

"A'a."

"To ki haɗiye. Kina so ubanki ya kasa fita masallaci? Shekara talatin suna zaune da Ɗanjuma. Ke kuma wa zai dube ki in an ce ke ce mai ƙona gari?"

"Inna, ita fa saura wata uku."

"Ita ta saba," in ji Inna. Sai ta juya mini baya.

Ita ta saba. Da wannan magana na rufe bakina, ni da ba a taɓa iya rufe wa baki ba.

Kwana biyu bayan haka Baba ya kira ni zaure. Maza na zaune, Mai unguwa a tsakiya. Suna son takardar koke zuwa Kaduna, kuma sun ce in an yi ta da Hausa za ta kwana a ƙasan tebur, sai da Turanci. Baba ya dube ni yana alfahari, ya ce wa mutane, "Ga amfanin bokon yau." Aka ba ni takarda da biro. Ina iya yin ta sanyi-sanyi, yadda babu wanda zai kula. Babu mai iya karantawa a cikinsu balle ya gane. Amma tsoro ya shige ni, irin tsoron da ke sa mutum ya fi kowa ɗaga murya. Na zuba duk Turancin da na koya. Na rubuta cewa rayukan mata da ƙananan yara na cikin haɗari. Na rubuta cewa akwai wadda ta ƙware da cinna wuta a cikinsu, na sa sunanta. Da na fassara musu, Malam Ɗanjuma ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Maza suka dangwala da tawadar allo. Da yake namiji ba ya shiga gidan wani, ni aka ba takardar na bi gida-gida ina kama babban yatsan mata ina dannawa. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko ta rabon taki ce. Na ce eh, don in yi sauri. Inna ce ta ƙarshe. Ta miƙo hannu ba ta dube ni ba.

Bayan takardar ta tafi na kasa cin abinci. A mako na uku na tari Mai unguwa a ƙofar gidansa, na durƙusa na faɗa masa komai, tokar, zanan, komai. Ya daɗe yana jan carbi. Na zaci zai daka mini tsawa, har ina fata ya yi. Sai ya ce:

"Tashi, Bilkisu. Ban ji ba. Ke 'yar gida ce, kuskure ne. Su kuwa ko ba su yi wannan ba, za su yi wata. Takarda kuma ta riga ta tafi."

A nan na gane ba wutar ce ta rufe gidan ba. An riga an rufe shi tun a hanyar idi. Wutar dalili ce kawai, ni kuma na kawo ta, na kuma sa mata Turanci.

Wani jami'i ya zo daga Kaduna, ya zaga, ya sha ruwa a zauren Mai unguwa, bai yi awa guda ba. Ba a tuhumi Delu da wutar a gaban alƙali ba, don babu shaida. Amma an ce tunda unguwa ba ta so, ba za a tilasta ba, za a nemi wani wuri. Ba a taɓa samun wani wurin ba. Duk unguwar da aka dosa, labarinmu ya riga ya isa can. Wata ranar Talata da hantsi motar ofis ta zo. Waɗanda ke da dangi aka mayar da su gidajen da suka gudo daga cikinsu. Uku da alƙali ya turo aka ce za a ajiye su a sashen mata na gidan yari kafin a ga abin da za a yi. Mutanen layi suka fito suka tsaya a ƙofofinsu, babu mai murna a fili. Delu ta fito da ƙullin kayanta. Ta hango ni, ta tsaya.

"Yaya, an ce da Turanci aka rubuta."

Na sunkuyar da kai.

"Ai na ce musu ba ke ba ce," in ji ta. "Na ce akwai masu Turanci da yawa a Funtua."

Direba ya ce ta hau. Ta hau.

Layinmu ya koma yadda yake. Kaji suka ci gaba da ɓata, aka ce shaho ne. Bayan wata biyu sakamakona ya fito da kyau, aka ba ni gurbi a kwalejin malamai, Baba ya yanka kaza. Wata ukun Delu suka cika suka wuce, babu wanda ya tuna, don takardar sakinta sai da sa hannun gidan da ya riƙe ta, gidan kuma babu shi. Wannan a bakin Madam Kamfot na ji. Na same ta a rumfar babanta tana jera kwanuka, an mayar da ita ofis tana zaman jiran aiki. Na faɗa mata abin da na faɗa wa Mai unguwa. Ba ta yi mamaki ba.

"Na ga tokar murhu a takalminki ranar, da kika dawo ana kashe wutar," in ji ta. "Na yi ta jira ki zo."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Wa zai yarda da ni a kan 'yar Alhaji?" Ta goge wani murfi da gefen zaninta. "Ban yafe miki ba, Bilkisu, ba ni aka yi wa ba. In kina son aiki, ofis na neman mai rubutu da za ta riƙa bin takardun yaran nan. Babu mai so. Aikin zarya ne, kuma yawanci ba a dacewa."

Na tambaye ta ko kwanukan nan bakwai suna nan. Ta ce babanta ya sayar da shida, ɗaya ya ƙwanƙwashe a gefe babu mai saye. Na ce ta ba ni.

Ranar na faɗa wa Baba ba zan je kwaleji ba. Ya yi faɗan da ban taɓa ji ba, ya ce na zubar da karatuna a gidan ɓarayi, ya shekara bai kira sunana ba. Washegari da safe na hura wuta na ɗora tuwon shinkafa. Inna ta shigo ta ga kwanon mai furen ja, ta gane shi. Ta karɓi ludayin a hannuna, ta ɗanɗana miyar, ta ƙara wake, ta buɗe tukunyar da take ɓoye soyayyen naman layya ta zuba guda biyar. Da za ta fita ta ce, ba ta juyo ba, "Ki yayyafa wa tokar ruwa."

Na yayyafa. Na ɗaure kwanon a ɗankwali, na sa takardar neman aiki a jaka. Na yanke cewa zan fara zuwa gidan yarin kafin ofis, in nemi a fito mini da Delu, in ajiye kwanon a gabanta. Kafin ta taɓa murfin zan faɗa mata cewa ni ce na zuba tokar, kuma ni ce mai Turancin. Daga nan, in ta ga dama ta ci. In kuma ta turo mini shi a rufe, zan ɗauka in dawo da shi gida a kaina, ta tsakiyar layinmu, da rana tsaka.